An Yaɗa Bidiyon Ɗana, Ya Daina Fita: Amsa ga Wata Uwa a Daura

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce a Daura, 'ya'yana biyar. Babban shekararsa 15, yana aji huɗu na sakandare. Tun yana ƙarami mai sanyin hali ne, muryarsa siririya, ba ya ƙwallo, ya fi son zama wurina a madafa, kuma ya fi ƙannensa mata iya zanen lalle. Ranar kamun ɗiyar gwaggonsu, 'yan mata suka ɗaura mashi ɗankwali da wasa, ya ɗan taka rawa, wani ya ɗauka a waya. Bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na ajinsu, daga nan ya hau TikTok, an rubuta "ɗan daudun unguwarmu". Har da masu cewa a tare shi a yi mashi duka. Mako uku ke nan bai je makaranta ba, masallaci ma sai duhu ya yi. Babansa ya zane shi, ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gidan mari zai kai shi. Shekaranjiya ƙanwarsa ta faɗa mini ya ce mata shi ba ya jin kansa kamar sauran maza, kuma gara ya mutu kowa ya huta. Ban taɓa zama mun yi magana da shi ba, kin san ɗan fari. Anti, ɗana ɗan daudu ne? Ko iska ce? Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya tsare miki yaronki.

Zan fara da maganar da kika sa kusan ƙarshen wasiƙarki, domin ita ce ba ta jira. Yaron da ya ce gara ya mutu, a ɗauka da gaske yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kisan kai a mataki na uku cikin abubuwan da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya, kuma da yawa cikinsu sun furta wa wani kafin su aikata, aka ce yarinta ce. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki tattara fiya-fiya, shinkafar ɓera, maganin feshin gona da duk ƙwayoyin magani da ke gidan, ki kulle su inda ke kaɗai ke da makulli. Kada ya riƙa kwana shi kaɗai. A sa wani da ya yarda da shi, kawu ko ɗan'uwa mai hankali, ya kwana tare da shi ba tare da an nuna masa gadi ake yi ba. Sannan ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Mutane na tsoron tambayar, wai kada a saka wa yaro abin da babu a ransa. Likitoci sun daɗe da gano cewa tambayar ba ta saka komai, sauƙi ma take kawowa, don yaron ya ga akwai wanda ya lura. Idan ya ce e, ko ya nuna ya riga ya tsara yadda zai yi, gobe da safe asibiti.

Na san abin da zai yi miki nauyi. Ɗan fari ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yaba masa a gaban mutane, wataƙila ko kallon ido da ido ba ku cika yi ba. Ba na raina wannan alkunya, da ita aka rene mu. Amma ki tuna yadda iyayenmu suka tsara ta: uwa na kau da kai ne saboda akwai kaka ko gwaggo da ta rungume yaron, tana jin kukansa, tana tsaya masa a gaban ubansa. A gidaje da yawa yanzu an riƙe kunyar, kakar kuma tana wani gari ko ta rasu, sai yaro ya tashi babu wanda zai kai wa kuka. Dubi wanda ɗanki ya faɗa wa maganar mutuwa: ƙanwarsa, yarinya ƙarama da ba ta da abin yi sai ta kawo miki. Kuma ki dubi inda yake zama tun yana ƙarami: gefenki, a madafa. Shi ya daɗe da zaɓen ki. Idan kakarsa na raye kuma suna shiri, a kira ta, alheri ne. Amma ba za ta ɗauke miki wannan zaman ba. Ki same shi lokacin da gida ya yi shiru, ko ki ce ya zo ya taya ki gyaran wake don hannu ya sami abin yi, ido ya sami wurin kallo. Abin da yake bukatar ji ba shi da tsawo: kin ga bidiyon, ba ki ga abin da zai sa ki daina ƙaunarsa ba, waɗanda suka yaɗa shi su ne da laifi, kuma ba za ki bari a fitar da shi daga gidan nan ba. Daga nan ki yi shiru. Zai yiwu ya ƙi cewa komai ranar farko. Ki sake komawa washegari.

Yanzu tambayarki. Abin da kika lissafa mini shi ne siririyar murya, girki, lalle, da rawa guda ɗaya a gidan biki bayan 'yan mata sun ɗaura masa ɗankwali. Babu ko ɗaya a ciki da ke nuna ya aikata abin da masu wannan suna ke nufi idan sun jefe shi da shi. Mai shayin bakin tasha namiji ne, mai tsire namiji ne, telan da ke ɗinka miki atamfa har ya zaɓa miki adon wuya namiji ne, ba wanda ya ɗauke su a waya. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Batun murya kuwa, balaga ba ta zuwa wa yara lokaci ɗaya. Wani muryarsa ta buɗe yana 12, wani sai ya kusa 16. Likitoci kan fara bincike idan namiji ya kai 14 babu wata alamar balaga a jikinsa, don haka idan kin lura ya yi baya sosai da tsararsa, a duba shi. Kumburin nono ma yakan sami samari da yawa a wannan shekarun, ya baje da kansa, amma yana jawo wa yaro tsokana mai zafi, kuma ba zai taɓa faɗa miki ba sai an tambaya. Akwai kuma, ko da yake ba kasafai ba, waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba, waɗanda muke cewa mata-maza. Malaman fiƙihu sun san da su, har hukuncin gadonsu sun rubuta. Wannan aikin likita ne, kuma a asirce.

Sai maganarsa cewa ba ya jin kansa kamar sauran maza. Kada ki yi gaggawar fassara ta. Yaron da aka shekara goma ana ce masa "kai kamar mace" zai iya maimaita abin da aka cusa masa. Zai iya nufin shi dai ba ya son ƙwallo da kokawa da zagin da samari ke yi a majalisa. Zai kuma iya nufin abin da ya fi haka zurfi, wato yadda yake jin kansa a ciki bai dace da jikin da yake ciki ba. Ana samun masu jin haka a kowace al'umma, kuma ba su suka zaɓa wa kansu ba. Ba hauka ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Ba kuma iska ba ce. Wanne ne a cikin ukun? Shi kansa mai shekara 15 da wuya ya iya tantancewa yanzu, musamman a tsakiyar wannan wuta. Kada ki titsiye shi da "faɗa mini gaskiya, kai mene ne?" Tambayar da 'yan ajinsa suka yi masa ke nan, suka kuma amsa da kansu. Ki tambaye shi tun yaushe yake jin haka, me ya fi damunsa, wa ya taɓa faɗa wa. Akwai wata tambayar da dole a yi cikin lallashi: ko wani babba ya taɓa taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba. Yara masu sanyi irinsa su mugaye ke fara hari, don sun san ba za su yi magana ba. Idan hakan ta faru, shi aka zalunta.

Na san kuma tsoron Allah na cikin abin da ke hana ki barci, don kin ji hadisin da ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata. Hadisin ingantacce ne. Amma malaman da suka yi sharhinsa sun rarrabe. Imam Nawawi ya ce wanda aka halitta da laushin magana da motsi, ba shi ya ƙirƙira ba, babu zargi a kansa kuma babu zunubi. Ibnu Hajar ya ce irin wannan ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari a hankali, sannu-sannu. Ko wanne kika ɗauka, babu bulala a ciki, babu tallata yaro a duniya. Abin da babu saɓani a kansa shi ne hukuncin abin da aka yi masa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an ce wanda ya kira wani ɗan luwaɗi a yi masa haddi, haddin ƙazafi kuwa bulala 80 ne. Abin yana ci mini rai ƙwarai yadda muke iya haddace hadisi ɗaya don mu daki yaro, mu manta ayoyi biyu da suke magana a kan yatsun da suka tura bidiyon.

Gidan mari kuwa, 'yar'uwa, kada ki yarda. Ke 'yar Daura ce, kin san abin da aka gani a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani irin wannan gida a garinku suka fito da mutum 67, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, wasunsu suna bayar da labarin lalatar da aka yi da su a ciki. Cikin kwanaki aka rufe wani a birnin Katsina. Kafin nan, a watan Satumba, an fito da fiye da 300 daga wani a Rigasa ta Kaduna. Iyayen waɗannan yara ba maƙiyansu ba ne, gyara suka je nema, har kuɗi suke biya. Ki yi tunanin yaro mai siririyar murya, wanda sunan da aka laƙaba masa zai riga shi isa, a kulle shi ɗaki ɗaya da ƙarti. Abin da babansa ke tsoro, can ne ya fi kusa da faruwa. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen icce ma idan aka murɗe shi da ƙarfi karyewa yake. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009, a kan matasan da iyayensu suka gano sun bambanta da tsararsu ta fuskar sha'awa, ya nuna waɗanda gida ya tsangwama sosai sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kansu. Rayuwarsu daban, tamu daban, amma yaron da waje ya ƙi shi gida ma ya ƙi shi, ko'ina yake ba shi da wurin zuwa.

Maigidanki kunya ce da tsoro ke cinsa. An nuna masa bidiyon a majalisa ko a kasuwa, ya ji kamar an tuɓe masa rawani a bainar jama'a, ya dawo ya sauke a kan wanda ya fi kusa. Kada ki tare shi a gaban yara, kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki same shi da dare ki faɗa masa maganar mutuwar, yadda yaron ya faɗe ta, don ina kyautata zaton bai sani ba. Uba da yawa da ke iya jure ganin hawayen ɗa ba ya iya jure tunanin ɗaukar gawarsa. Sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko amininsa ko malami mai sanyin rai. Ki zaɓa da kyau: mai riƙe sirri, wanda ba zai mai da zancen huɗuba ba. Abu biyu za ku roƙa. Na farko a ajiye bulala. Na biyu, ranar Juma'a ya saka wa yaron kaya masu kyau su tafi masallaci tare, kafaɗa da kafaɗa, su bi ta gaban majalisar nan, su yi sallama su wuce. Samarin unguwa suna auna yaro ne da wanda ke bayansa. Ranar da suka ga ubansa bai yar da shi ba, rabin masu cewa a tare shi za su ja baya.

Batun wayar. Kafin a goge komai, a ɗauki hoton kowane saƙo na barazana yadda lambar mai shi ko sunan shafinsa da ranar za su fito, a ajiye a wayar babba guda ɗaya. Kada kowa a gidan ya mayar da martani, ko da zagin ya kai ga iyaye, domin kowane martani ƙara tura bidiyon gaba yake. Kuma don Allah kada a sa yaron gaban kyamara ya ba da haƙuri ko ya rantse shi namiji ne. An sha yin haka da nufin kashe wuta, sai bidiyo na biyu ya fi na farko yawo. A TikTok akwai wurin kai ƙara a jikin kowane bidiyo; 'yan'uwa da dama su kai, su zaɓi cin zarafi, su nuna yaro ne da bai kai 18 ba, don dokokin kamfanin sun fi tsanani a kan yara. A WhatsApp shugaban zaure na iya goge saƙo ga kowa, amma cikin kwana biyu kawai, wannan ta wuce, sai dai a sa yaran su goge da hannunsu. Ba zan ɓoye miki ba, ba za a iya share shi daga kowace waya ba. Abin da ake nema shi ne ya daina yawo, kuma yakan daina idan ba a ƙara masa itace.

Ku je wurin shugaban makaranta, ke da babansa ko kawunsa, a ofis, ƙofa a rufe. Ku nemi a kira wanda ya saka bidiyon a zauren aji da iyayensa, a rufe zauren ko a sa malami a ciki. Ku faɗa ƙarara cewa ba ku yarda a ambaci sunan yaronku a taron safe ba, ko da da sunan kare shi ne. Wanda ya ɗauki bidiyon a gidan biki kuwa ɗan dangi ne ko maƙwabci, wannan aikin manyan gida ne da mai unguwa. Kada ki ɗauka ɗanki ne kaɗai ya guje wa aji saboda waya: a wata ƙuri'ar jin ra'ayi da UNICEF ta yi a 2019 a ƙasashe 30, har da Najeriya, ɗaya cikin uku na matasan sun ce an ci zarafinsu a intanet, ɗaya cikin biyar kuma sun ce sun taɓa ƙin zuwa makaranta saboda haka. Idan makarantar ta yi sakaci, a canza masa wata. Idan har za a kai shi wurin dangi a Katsina ko Kano, a yi da shawararsa, ya san hutu aka ba shi, ba korarsa aka yi ba.

Doka tana gefenku a kan barazana. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 10 ga wanda ya aika saƙon da ya jefa wani cikin tsoron kisa ko duka. Amma a taka a hankali. Da dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi, da dokar shari'a da jiharmu ke bi tun 2000, wannan zargi yana da nauyin da ƙarar da aka kai don kare yaro za ta iya juyewa ta koma binciken yaron. Idan barazanar ta ci gaba, ku fara ganin lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Katsina, a rubuta ƙorafin a kan barazana ga ƙaramin yaro, kuma kada a bar shi gaban kowane jami'i ba tare da babba ba.

Kada ki ƙwace masa waya a matsayin horo. Zai ari ta wani, ke kuma ki daina sanin abin da ke faruwa. A canza masa layi, a rufe shafinsa sai ga waɗanda ya sani ido da ido. Ki gargaɗe shi musamman a kan baƙin da za su biyo shi ta saƙon sirri da daɗin baki, suna cewa su ne suka fahimce shi. Wasu da haka suke karɓar hoton yaro ko su ja shi wani wuri, daga baya su nemi kuɗi ko abin da ya fi kuɗi muni. Ki yi masa alkawarin duk abin da ya nuna miki ba za ki kai shi gaban bulala ba, kuma ki cika.

Ko bai ce yana shirin cutar da kansa ba, mako uku a ɗaki ya isa a ga likita. Ku fara da babban asibitin Daura, ku nemi a tura ku ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma zuwa can ba ya nufin an haukace. Ki bar shi ya gana da likitan shi kaɗai na ɗan lokaci. Addu'a kuwa ki yawaita, ki tofa masa da bakinki, ki sa masa albarka yana ji. Amma duk mai ruƙiyyar da zai kawo bulala, hayaƙin barkono ko ɗauri, kada ya ƙetare zaurenki.

Ƙanwar nan tasa ki gode mata, ki ce ta yi daidai da ta faɗa, don tana can tana jin ta ci amanar wanta. Girki da lalle kuma kada a hana shi, su ne abin da ya rage masa da yake jin ya iya. Ki dai koya masa cewa a taron da wayoyi suke sama, ya kiyaye, saboda garin da muke ciki ke nan.

Idan duk da haka maigidan ya nace sai gidan mari, kada ki tsaya jiran ranar tafiya. Ki kai maganar ga mahaifinsa ko babban wansa a daren, ki faɗa musu abin da yaron ya ce da abin da aka gani a 2019, ki nemi yaron ya koma hannun kakarsa ko kawunsa har zuciya ta sauka. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ina son jin yadda yake ci da yadda yake barci.